Kowane Kuskure Ya Bi Ta Ƙofa Ɗaya

Wani matashi daga Kiru ya rubuto yana neman shawara. Ya ce bayan ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida, sai ya haɗa wa wani dillalin taki da maganin feshi a Kwanar Dangora manhajar lissafin kaya da Microsoft Access. Kwamfuta biyu ce, ɗaya a gaban shago inda ake yanka rasit, ɗaya a sito, an haɗa su da waya. Da damina ta kama ciniki ya yi zafi, sai wasu saƙonnin Turanci suka riƙa faɗowa a allo. Yaron shago ba ya gane abin da suke cewa, sai ya danna duk abin da hannunsa ya kai, wani lokaci ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Alhaji mai shagon ya yi ƙorafi, shi kuma ya bi kowane sashe na manhajar ya liƙa masa On Error Resume Next. Saƙonni suka ɗauke ɗif. Amma da aka ƙirga sito a ƙarshen wata, buhunan da kwamfuta ta ce akwai sun fi waɗanda ke ƙasa, har Alhaji ya fara yi wa yaron wani irin kallo. Tambayarsa: ta ina zai fara?

Ƙanena, ka fara da goge layin nan da ka liƙa. Abin da yake gaya wa kwamfuta shi ne, idan umarni ya gaza ki yi kamar ba ki gani ba, ki wuce na gaba. Duba abin da ke faruwa idan manomi ya zo daga Yako ya sayi buhu goma na yuriya. Manhajarka tana yin abu uku a jere: ta rubuta rasit, ta rage goma daga sito, ta rubuta kuɗin da aka karɓa ko bashin da ya saura. A ce a daidai wannan lokaci mai kula da sito yana gyara adadin yuriya a tasa kwamfutar, layin yuriyar a rumbun bayanai yana kulle. Mataki na biyu ya gaza. Da can saƙo ne zai faɗo. Yanzu kuwa shiru, manhaja ta tsallake, firinta ta fitar da rasit, manomi ya loda kayansa a kurkura ya kama hanya, kwamfuta kuma har gobe tana ƙirga buhunan nan goma a sito. Ba wanda ya saci komai. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wasu idan suka gane haka sai su koma ɗaya gefen, kowane maballi su rubuta masa nasa saƙon kuskure. Ran da suka so canza abu ɗaya, misali su fara ajiye tarihin kurakurai, sai sun bi wuri sittin ko saba'in, kuma dole su manta da wasu. Gidan Bahaushe ƙofarsa ɗaya: mai kawo saƙo ne, mai bin bashi ne, baƙo ne daga nesa, kowa sai ya tsaya a zaure an san ko wane ne shi, sannan mai gida ya ce a shigo da shi ko a sallame shi. Manhajarka ma wuri ɗaya take bukata inda kowane kuskure zai tsaya, a rubuta shi, a yanke masa hukunci.

Sai dai Access yana da wata naƙasa da ya kamata ka sani tun yanzu. Harshen VBA da ake rubuta umarninsa da shi ba shi da wani umarni guda da zai ce duk kuskuren da ya auku a ko'ina a kawo shi nan. Dole kowane sashe ya sami 'yan layukansa na tarbar kuskure. Abin da ake so shi ne layukan su zama iri ɗaya sak a ko'ina, kuma kada su yanke hukuncin komai, aikinsu miƙawa kawai. Ga siffarsu:

Private Sub SayarDaKaya()
    Dim lamba As Long, bayani As String
    On Error GoTo Kuskure
    ' ainihin aikin sayarwa yana nan
Fita:
    Exit Sub
Kuskure:
    lamba = Err.Number
    bayani = Err.Description
    If KarbiKuskure(lamba, bayani, "SayarDaKaya") = SakeGwadawa Then Resume
    Resume Fita
End Sub

Sunan sashen ne kaɗai ke canzawa daga wuri zuwa wuri. Ka lura an kwashe lamba da bayani tun kafin a taɓa komai, domin VBA yana share su da zarar ya ci karo da wani On Error ko Resume ko Exit Sub. Da yawa sun gina kundin kurakurai mai kyau, suka buɗe shi suka tarar da sifili daga sama har ƙasa, saboda wannan kawai. Akwai MZ-Tools da ke zuba maka waɗannan layuka a kowane sashe, har da lambar kowane layi don Erl ya iya nuna maka daidai inda aka yi tuntuɓe, akwai kuma vbWatchdog da ke kama komai daga wuri ɗaya. Dukansu na saye ne. Ga manhajar shago ɗaya, kwafa da liƙawa ya ishe ka.

KarbiKuskure kuwa sau ɗaya za ka rubuta shi, a modul nasa shi kaɗai, kuma aikinsa na farko rubutu ne, kafin ya ce wa kowa uffan. A nan zan ɗan daɗe, don nan ne ake yawan sakaci. Kada ka ajiye kundin kurakurai a cikin rumbun bayanan da ke ɗaya kwamfutar. Ranar da waya ta tsinke ko rumbun ya lalace, ranar da ka fi bukatar kundin ke nan, kuma ranar ce ba zai rubutu ba. Ka sa shi a fayil ɗin rubutu tsagwaronsa a kan kwamfutar da kuskuren ya auku, a jakar da Windows ke barin a yi rubutu a ciki, ba cikin Program Files ba. Kowane wata da fayil ɗinsa, kowane kuskure da layinsa: rana da lokaci, sunan kwamfuta, wanda ke kan aiki, sigar manhajar da aka girka, sunan sashen, lambar kuskure, bayaninsa na Turanci yadda yake, da lambar rasit ɗin da ake kai. Wannan na ƙarshe shi ne zai ba ka damar haɗa kundin da takardun shago. Kalmar sirri da lambar wayar masu saye da lambar asusunsu ba sa shiga, domin fayil ne da zai riƙa yawo a WhatsApp, kuma tun 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan jama'a.

Yawancin kwamfutocin shagunanmu tsofaffi ne da aka saya na hannu, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe agogonsu ya mutu. Kullum aka kunna sai kwanan wata ya koma shekarun baya, kundin da rasit duka su ɗauki ranar ƙarya. Sa manhajar ta kwatanta ranar yau da ranar rasit na ƙarshe duk lokacin da aka buɗe ta. In yau ta riga jiya, ta ƙi buɗewa sai an gyara agogo. Batirin CR2032 ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Cikin sashen da ke rubuta kundin nan ne kaɗai na yarda ka yi amfani da On Error Resume Next, don kada gazawar rubuta kundi ta haifi wani kuskuren a kan na farko.

Bayan rubutu sai tantancewa, domin kurakurai ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai waɗanda mai aiki zai iya gyarawa nan take: 3022, an maimaita lambar da ba a yarda ta zo sau biyu ba, 3314, an bar gurbin dole babu komai, 3201, ana son rubuta ciniki da sunan wanda ba ya cikin jerin masu saye, 3200, ana son goge wanda har yanzu akwai cinikinsa a littafi. Waɗannan a gaya masa ya gyara, aiki ya ci gaba. Akwai na ɗan lokaci, irin su 3260 da 3218, wato wani yana riƙe da layin. A jira daƙiƙa ɗaya ko biyu a sake gwadawa, amma da iyaka, sau uku ya isa, in ba haka ba kwamfuta za ta yi ta juyi a wuri ɗaya. 3043 kuwa, yankewar hanya tsakanin kwamfutoci, kada ka ɓata lokacin sake gwadawa, Access da kansa yana bukatar a rufe rumbun a sake buɗewa. 2501 ba kuskure ba ne na gaske, sau da yawa rahoto ne aka fasa buɗewa don babu abin nunawa, a bar shi ya wuce. Idan ka ga 3343, Access ya kasa gane fayil ɗin rumbun, mai yiwuwa ya lalace: a tsaya cak, kada kowa ya ƙara rubuta komai, a kwafe fayil ɗin gefe kafin a gwada gyara. Duk lambar da ba ka san ta ba, ka ɗauke ta a matsayin mai haɗari, ka fasa aikin.

Sannan akwai waɗanda laifinka ne kai mai rubutu, 13 da 94 da 11 da 6. Na ƙarshen nan ya cancanci a tsaya a kansa. Ma'ajin Integer a VBA ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Shekarun baya mutum zai ajiye farashin buhu a cikinsa ya kwana lafiya, amma buhun shinkafa ya daɗe da haura wannan adadi, sai ka ga manhajar da ta yi shekaru tana aiki a wurin 'yan shinkafar Tudun Wada ta wayi gari tana kuka. Gwada da kanka: rubuta x = 200 * 200, ko da x ɗin Long ne, kuskure na 6 zai fito, don lambobin biyu Integer ne kuma 40,000 ya fi ƙarfinsu. Long ma iyakarsa 2,147,483,647, adadin da cinikin shekara na babban ɗan kasuwar hatsi a Dawanau zai iya tsallakewa. Duk abin da ya shafi kuɗi ka sa shi a Currency. Kada ka ga kamar ƙaramin abu ne. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda an yi ƙoƙarin cusa babbar lamba a ma'aji mai wannan iyakar ta 32,767, a cikin manhajar da aka gada daga Ariane 4, inda lambar ba ta kaiwa can.

Sai a zo kan abin da za a gaya wa mai aiki. Saƙo mai amfani yana amsa tambaya uku: me ya faru, cinikin ya shiga ko bai shiga ba, yanzu me zan yi. Misali: "Cinikin bai shiga ba. Kada ka ba da kaya tukuna. Duba wayar da ta haɗa kwamfutocin biyu, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Lamba 3043." Tambaya ta biyu ita ce ta fi damun wanda ke tsaye da kuɗin mutane a hannu, kuma ita ce saƙonnin Turancin nan ba sa amsawa. Ka bar lambar a ƙarshe, don in ya kira ka a waya ita kaɗai za ka tambaya. Wata 'yar matsala da ta shafe mu mu kaɗai: wurin rubuta umarnin VBA da akwatin MsgBox ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, ƙ da ɗ da ɓ kan koma alamar tambaya. Teburin Access kuwa yana riƙe su daidai. Saboda haka ka zuba saƙonnin a wani ɗan tebur da ke cikin fayil ɗin manhajar da ke kan kowace kwamfuta, ka nuna su a fom ɗin da ka ƙera da kanka.

Akwai wata ƙofar baya da mutane ke mantawa da ita. Idan fom a ɗaure yake kai tsaye da tebur, mai aiki ya rubuta abin da teburin bai yarda da shi ba ya matsa gaba, ba umarninka ne ya gaza ba, don haka On Error GoTo bai san an yi ba. Irin wannan yana fitowa ta Form_Error. Can ma ka miƙa DataErr ga KarbiKuskure, ka sa Response ya zama acDataErrContinue don kada Access ya ƙara nasa saƙon a kan naka. Kuma a farkon buɗe manhaja ka kira Application.SetOption "Error Trapping", 2, domin in an saita kwamfutar ta tsaya a kan kowane kuskure, duk tarkon da ka ɗana ba zai kama komai ba.

Abu ɗaya da ba za ka miƙa wa KarbiKuskure ba shi ne warware cinikin da ya tsaya rabi, don sashen da ya ƙulla shi ne ya san abin da ya ƙulla. Matakan nan uku, rasit da sito da kuɗi, ka ɗaure su tsakanin BeginTrans da CommitTrans: ko su shiga duka, ko kada ko ɗaya ya shiga. Idan an faɗo Kuskure, bayan kwashe lamba da bayani sai Rollback, sannan a nuna saƙo. Wannan jerin yana da dalili. In ka nuna saƙo tukuna, yaro ya bar shi a allo ya tafi sallar Azahar, layukan suna kulle har ya dawo, mai sito yana can yana danne-danne a banza. Ka riƙe wata alama da ke nuna ko an fara ƙullin, don Rollback ba tare da BeginTrans ba shi ma kuskure ne, 3034. In kuma za a sake gwadawa bayan warwarewa, daga matakin farko ake farowa, ba daga layin da ya gaza ba kamar yadda Resume na misalin sama ke yi. Duk inda ka kira Execute ka haɗa masa dbFailOnError. In babu shi, yana iya tsallake layukan da ya kasa canzawa bai ce komai ba. A ƙarƙashin Fita kuma ka mayar da abin da ka canza, SetWarnings da Echo da Hourglass, kada allo ya daskare bayan kuskure ya wuce. Firinta sai bayan CommitTrans.

Ran da ka bar Access ka koma wani harshe, abin zai zo maka da sauƙi: Delphi yana da Application.OnException, C# yana da Application.ThreadException, Python yana da sys.excepthook. Amma su ma aikinsu rubutawa da sanarwa da rufewa cikin mutunci, ba ci gaba da ciniki kamar ba abin da ya faru ba.

Kada kuma ka ɗora wa wannan tsari abin da ya fi ƙarfinsa. Idan aka ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe ana tsakiyar rubutu, babu layin umarni ko ɗaya da zai samu damar gudana. Maganin wannan UPS ne ko inbata, musamman ga kwamfutar da rumbun ke kai, da kwafin ajiya kullum a filasha da ba ta kwana a shago, da haɗa kwamfutoci da waya maimakon Wi-Fi, wanda yankewarsa ke lalata fayil ɗin Access. Akwai kuma kuskuren da ba ya kuka. Kwanan watan da ka sa tsakanin alamun # a cikin SQL, Access yana karanta shi irin na Amurka, wata kafin rana: 03/04/2025 a wurinsa 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Daga 13 ga wata sai ya juya shi daidai tunda babu wata na 13, shi ya sa rahoto ke yin daidai wani lokaci ya karkace wani lokaci. Rubuta shekara, wata, rana, ka huta.

Game da yaron shagon, ka je ka samu Alhaji da kanka. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko ƙaryar lissafi, saboda giɓin da manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ke nunawa. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun yi asarar gidajensu. A wani reshe da ke Dalmellington a Sikotilan, allo ne ke daskarewa, duk dannawar da mai aiki ya ƙara yi sai manhajar ta sake rubuta kuɗin a ɓoye, har giɓi ya kai fam 24,000. A 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, a Afrilun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana ɗaya. Akwai kundin kurakuran da aka sani, amma waɗanda ake tuhuma ba su da hanyar ganinsa. Mu a nan ba a kaiwa kotu, a zaure ake gamawa: a yanke albashi, a kira uban yaro, suna ya ɓaci a gari. Ka ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, akwai gyaran da na yi wanda zai iya jawo wannan giɓi, a dakata da maganar yaron nan sai na haɗa rasit da lissafin sito ɗaya bayan ɗaya." Ka tara adadin kowane kaya daga rasit, ka kwatanta da abin da aka rage a sito. In bambancin ya yi daidai da buhunan da ake nema, magana ta ƙare. Zai yi maka nauyi, na sani, amma ya fi ka ɗauki alhakin ɗan mutane.

Kafin ka mayar da manhajar shago, ka gwada ta da mugunta a kan kwafi. Zare wayar netwok ana tsakiyar ciniki. Buɗe layi ɗaya a kwamfutoci biyu. Canza wa fayil ɗin rumbun suna. Kashe firinta. Rubuta harafi a gurbin farashi, sannan ka rubuta miliyan ɗari. Bayan kowane gwaji ka duba abu biyu: layi ya shiga kundi, kuma rasit da sito da kuɗi sun yarda da juna. Ka ba su fayil ɗin ACCDE, ba ACCDB ba, don kada maballin Debug ya buɗe wa kowa cikin umarninka. Ka kuma ƙara maballi ɗaya da ke kwafo kundin watan zuwa fuskar kwamfuta don a turo maka ta waya. Ran da ka samu mai shago a Riruwai, za ka gode wa Allah da ba sai ka ratsa dajin Falgore don karanta layi uku ba.

Ba sai ka gyara komai a dare ɗaya ba. Fara da sashen sayarwa, da na karɓar kaya, da na biyan bashi, sauran su biyo baya. Idan kundin ya yi mako biyu yana cika, ka jera layukansa bisa lamba, wadda ta fi yawan fitowa ita za ka fara bi.